Tumun da Ya Ƙi Wuce Maƙogwaro

Ciwon da zan ba da labarinsa ba shi da zazzaɓi, ba shi da kumburi, ba shi da gyambo, amma ya kusa raba ni da ƴata. Ina so duk wadda Allah ya ɗora wa jinyar irinsa ta ji yadda tawa ta kasance, domin na yi jinya iya ƙarfina, na kuma yi ɓarna a cikinta, yawanci da bakina.

Sunana Kulu. A Bangi aka haife ni, gidan malamai, aka kawo ni aure wani ƙauye kusa da Azarori. Mijina, wanda har yau da ƙasa ta rufe masa ido ban iya kama sunansa ba, mutum ne mai salla da azumi. Sai dai kakanninsa Azna ne, kuma akwai abin da gidansu bai saki ba. Sabon gero ba ya shiga bakin kowa a gidan, ko na gonarmu ko na maƙwabta, sai Maigida ya yanko zangarniya uku daga gandu, ya ajiye ɗaya a gindin tsamiyar da ke bayan gida, ya gasa biyun, ya tauna tumun ya haɗiye a gaban kowa. Mai tsaron wannan al'ada ita ce Goggo Dela, ƙanwar ubansa, wadda ke zaune tare da mu. Kowace kaka sai ta maimaita labarin wani yayanta da ya saci ci kafin ranar, wuyansa ya kumbura, ya mutu cikin kwana bakwai. Ni dai dariyata nake yi a ɗaki. Ubana ya koya mini cewa ba abin da ke kashe mutum sai kwanansa ya ƙare.

A shekarar da abin ya faru, Nasara na yaƙi can ƙasarsu, amma rumbunanmu ne suka ji jiki. Tun da rani gardi, dogaran Nasara, suka zo suka ɗebi gero, aka ce na soja ne. Ƙanen Maigida ma an tafi da shi aikin hanya, ya zama ba wani namiji babba a gidan sai Maigida kaɗai. Kafin tsakiyar damina ko ɓera ya daina shiga rumbunmu. Muka koma tafasa da dusa da anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Mu manya muna dannewa. Hajo, ƙaramar ƴata mai shekara uku, ba ta iyawa. In na sa mata anza a baki sai ta ajiye a kunci ta yi ta kallona. Abin da ya riƙe ni shi ne gonar ta yi kyau, gero ya fid da kai ya cika, kuma Goggo ta sa ranar ɗanɗano Juma'a mai zuwa.

Ranar Lahadi Maigida ya dawo daga korar tsuntsaye da hannu a wuya. Na ajiye masa ƙwaryar tafasa, ya kai loma ɗaya, ya daɗe yana taunawa, sai ya juya ya tofar.

Na ce, "Mi as same ka?"

Ya ce, "Wani abu na nan, Kulu. Kamar ƙwallon goruba. Ba shi hawa, ba shi sabka."

Na laluba wuyan ban ji komai ba. Na ce ƙila dusa ce ta shaƙe shi, na ba shi ruwa, ya kurɓa da ƙyar. Washegari abin ya ƙaru. Ya ce ƙirjinsa na dukan ganga, numfashi na tsayawa a rabi, yatsunsa na mutuwa. Zufa ta dinga karyo masa yana zaune a inuwa. Hannunsa kuwa bai bar wuyan ba, ya taɓa nan, ya danna can, ya haɗiyi yawu don ya ji ko abin na nan, kuma kullum yana nan.

Juma'a ta zo. Da taimakon sanda ya je gandu ya yanko zangarniya uku. Aka ajiye ta tsamiya, aka gasa biyun, ƙamshi ya cika gida har yawu ya tsinko mini. Yara suka zauna a jere, Hajo na kan cinyata. Ya murza tumun a tafi, ya hura, ya zuba a baki. Muka zuba masa ido yana taunawa. Na ga maƙogwaronsa ya hau ya tsaya, idanunsa suka firfito, sai tari ya sarƙe shi, ya fesar da komai a ƙasa.

Goggo ta ce, "Bai wuce ba. Abin da bai wuce maƙoshi ba, ba a ci shi ba. Kowa shi bar gero inda shike."

Na ce, "Goggo, ɗiyar ga hwa? Dibi wuyanta yadda yak koma."

Ta ce, "Ki yi haƙuri, Kulu. Ke labari kinka ji, ni da idona nig ga wuyan yayana." Ta kwashe tumun ta kai gindin tsamiya, yara suka bi ta da kallo.

Mako na biyu shi ne makon masu shawara. Wanzamin garin ya zo ya danne masa harshe, ya ce belu ne ya sauko, ya sa ƙarfe ya yanke. Kazata ta ƙarshe ta tafi a nan. Abin da muka samu shi ne ciwo na gaske a kan na farko, kwana uku yana tofar da jini. Liman ya aiko da rubutu, Allah ya saka masa, ko allura bai karɓa ba. Rubutun yana wucewa in an ba shi kaɗan-kaɗan da ludayi, kuma yakan ɗan samu barci bayansa, amma da ya farka sai hannu ya koma wuya. Wata maƙwabciya ta ce jifa ne, wata ta ce ya taka wani abu a gona. Goggo ta ce mutanen tsamiya ne suka yi fushi, a nemo baƙin bunsuru, kamar bunsuru na yawo a shekarar.

Abin da ya fi cin raina shi ne ƙamshi. Duk garin an fara cin tumu, kowane gida hayaƙi na tashi, ana jin lugude tun hantsi. Maƙwabciyata ta miƙo mini ƙwaryar gumba ta kan darni, ta ce in ba Hajo a ɓoye. Na miƙa hannu, sai na hangi Maigida daga ƙofar ɗaki yana girgiza mini kai, fuskarsa cike da tsoron da ban taɓa gani ba. Na mayar mata da ƙwaryarta. Har yau in na tuna wannan ƙwarya sai na ji haushin kaina.

A mako na uku na ce likita za mu je. Na ba da zanena na aure aka ba mu aron jaki, na bar yara wurin Goggo, na ɗora shi muka kama hanyar Madawa, ina jan igiya. Ya rame har ina jin ƙasusuwan bayansa in na tallafe shi. Mun tarar da mutane jingim a ƙarƙashin rumfa, masu kurkunu, masu gyambo, mata da jarirai masu tari. Muka wuni ba a kai kanmu ba, muka kwana gidan wata ƴar garinmu da ke aure can, wadda ta ba mu tabarma da kunun dawa ta bara, Allah ya jiƙanta. Sai washegari da azahar aka kira mu.

Lokotoron, wato likitan, baƙin mutum ne irinmu, daga wata ƙasa can yamma, Hausarsa a karkace amma ana ganewa. Ya danne harshen da cokali, ya leƙa da ɗan madubi, ya yi tsaki da ya ga aikin wanzami. Ya lalube wuyan gaba da baya, ya sa abin saurare a ƙirji, ya ba shi ruwa ya ce ya haɗiye yana riƙe da maƙogwaron. Sai ya juya wurin mai taimaka masa ya ce da Faransanci, "Ya riyan." Na tambayi ma'anarta, aka ce mini wai babu komai. Kalmar nan ta zauna mini a kai har yau.

Na ce, "Ƙaƙa babu komi? Mutum sati ukku bai ci tuwo ba."

Ya dube ni, ya ce in dunƙule hannuna. Na dunƙule. Ya ce in ƙara matsewa, in riƙe, kada in saki sai ya ce. Ya koma yana wanke cokalinsa. Jim kaɗan yatsuna suka fara zafi, zafin ya hau har gwiwar hannu, hannun ya kama rawa.

Ya ce, "Akwai ƙaya a hannun?" Na ce babu. "Akwai ƙurji?" Na ce babu. "To ciwon da kike ji ƙarya ne?" Sai ya ce in saki hannun.

Ya ce maƙogwaro nama ne kamar hannu. In tsoro ya kama mutum, jiki duk sai ya damƙe don shirin gudu, zuciya ta yi sauri, numfashi ya gajarce. In kura ce ta ba da tsoron, da ta wuce jiki zai saki. Amma in abin tsoron yana cikin ran mutum, ba inda zai gudu, sai naman ya yi ta damƙewa dare da rana. Kuma duk sanda ya taɓa wuyan ya ji abin na nan, sai ya ƙara tsorata, abin ya ƙara riƙewa. Daga nan ya durƙusa gaban Maigida ya tambaye shi a hankali me ya tsorata shi. Maigida ya sunkuyar da kai, ya mayar da hannu wuya. Lokotoro ya ba mu wani ruwa mai ɗaci a ƴar kwalba don barci, ya ce a riƙa ba shi kunu da kaɗan-kaɗan, aka kira na bayanmu.

Mutumin ya yi mana bayani mai kyau, ina gode masa har gobe. Amma ni a ranar kalma ɗaya na fito da ita, babu komai. Tun daga bakin gari na fara. Na ce zanena ya tafi, kazata ta tafi, ƴata na bushewa, ashe a kan babu komai. Na ce ko jariri ya iya haɗiya. Yana bisa jaki yana ji, har muka kai wani gawo a rabin hanya ya ce in sauke shi. Ya jingina da itacen, ya daɗe yana haki.

Ya ce, "Na ci, Kulu."

"Ka ci mi?"

"Gero. Ranar da nit tahi korar tsuntsaye. Idona ya yi duhu, ban san sa'ad da nik karyo zangarniya ba. Ɗanya nit tamne ta, dut. Sai da nig gama nit tuna da Hajo, nit tuna da wuyan yayan Goggo. Nan take nij ji abin ya tsaya."

Da mai hankali ce ni, da na zauna kusa da shi. Mutum ya buɗe mini cikinsa, abin da lokotoro ya nema bai samu ba. Amma wuta ce ta tashi a kaina. Na ce, "Kai kac ci, mu ka azumi? Kana kallo nim maida ƙwaryar gumba?" Ya roƙe ni kada in faɗa wa Goggo, don in ta ji za ta ce geron bana duka ya haramta, shi kuma ta fara ƙirga masa kwanaki. Na ce ba zan faɗa ba, na ɗora shi a jaki, na ja igiya har gida ban waiwaye shi ba.

Mako na huɗu shi ne mafi muni, kuma da hannuna a ciki. Ina yi masa duk abin da ake yi wa majinyaci, in goge masa jiki, in juya shi, in zubar da ƙwaryar yawu, amma ba da fuska ba. In na kawo kunun dusa sai in dangwarar in ce, "Tashi ka bar ƙarya, an ce babu komi." Da na faɗa sai in ga hannunsa ya tafi wuya. Kunun da a da yake wucewa ya daina wucewa. Ya koma kwance yana fuskantar bango, yana cewa ya ji wuyan ya fara kumbura, in kira masa liman ya bar wasiyya. Na duba, wuyan na nan siriri kamar na zakara.

A gona tsuntsaye sun samu gari ba mai kora sai manyan yara biyu da ba su da ƙarfin ihu. A gida kuma Hajo ta daina kuka. Gashinta ya yi ja ya yi laushi. Ranar Talata da hantsi ina yi mata wanka na ga ƙafafunta sun cika. Na danna da babban yatsa, na ɗaga, ramin ya zauna bai taso ba. Na san wannan alamar, na gan ta a jikin yaran da aka binne a daminar. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Na goya ta, na ɗauki wuƙa, na tafi gandu rana tsaka kowa na kallo. Na yanko abin da hannuna ya iya ɗauka. Na dawo na hura wuta a tsakar gida, daidai ƙofar ɗakinsa, na ɗora zangarniya. Goggo ta fito da sandarta.

Ta ce, "Kulu, kak ki yi. Don Allah kak ki yi. Ɗiyar za ki kashewa."

Na ce, "Ni ka fara ci, Goggo. In kisa shikai, shi kashe ni, ku gani. In bai kashe ni ba, Hajo na shan kunu yau."

Na murza tumun da zafinsa, na hura, na zuba a baki. Daɗinsa ya sa hawaye suka zo mini. Na tauna, na tauna, ina kallon Goggo ido cikin ido, ta sa hannu biyu ta riƙe wuyanta. Na zo haɗiyewa, sai ya ƙi.

Ni ƴar malam, ni mai dariya a ɗaki. Wani abu ya taso ya tokare mini maƙogwaro, dunƙulalle, mai tauri, kuma da an ba ni Alƙur'ani a lokacin zan rantse ƙwallo ne na gaske. Na sake gwadawa, ya ƙara matsewa. Numfashina ya tsaya a rabi, ƙirjina ya kama duka, yatsuna suka mutu, gidan ya fara juyawa. Labarin da na yi shekara goma ina rainawa ashe ya shiga ya samu wurin zama ban sani ba. Na ce a raina shi ke nan, gaskiyar Goggo ce, mutuwa zan yi da goyo a baya. Na durƙushe a gaban murhu.

Ban ji fitowarsa ba. Na dai ga mutumin da ya kwana biyar bai tashi ba ya rarrafo har inda nake, da ƙwaryar ruwansa. Ya kama hannuna na dama, ashe na dunƙule shi har farce ya shiga nama. Ya dinga ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Buɗe hannun, Kulu. Na san shi, na san yadda shike. Kak ki yi kokowa da shi. Hidda numhwashi sannu. Ga ruwa, kaɗan."

Na kurɓa. Na sake kurɓa. Yana riƙe da tafina a buɗe yana magana a hankali, ban ma san me yake cewa ba. Can na ji abin ya sassauta, tumun ya wuce. Na zauna a ƙasa ina haki, jikina duk zufa.

Na ce, "Haka kaka ji?"

Ya ce, "Kullum."

Kunya ta rufe ni har na kasa ɗaga ido. Ni ban kai tsawon dahuwar kunu a cikin abin ba na sallama da duniya, shi ya yi kusan wata, ina tsaye a kansa ina ce masa maƙaryaci. Na ce ya yafe mini. Sai ya juya wurin Goggo ya kira ta, ya faɗa mata da bakinsa abin da ya yi a gona, ya ce yau kwana ashirin da ƴan kai ke nan, ta zo ta taɓa wuyan. Ta matso ta laluba, ta daɗe tana lalubawa. Sai ya ɗebi sauran tumun da ke tafina ya zuba a baki. Ya ɗauki lokaci mai tsawo, da ruwa, da tari sau biyu, amma ya wuce.

A ranar na daka gero na dama wa Hajo kunu tsararo, na ba ta da yatsa. Ta sha kaɗan ta yi barci, ta farka ta nemi ƙari. Goggo ba ta ci ba. Kwana bakwai kowace safiya sai ta zo ta sa hannu a wuyana ba ko gaisuwa, ta koma ɗakinta ta ci anzarta. A rana ta takwas ta taɓa, ta yi tsaki, ta ce in gasa mata zangarniya guda mai laushi don haƙoranta ba su da ƙarfi.

Kada wani ya ɗauka ciwon ya tafi a rana ɗaya. Maigida ya yi kusan wata biyu kafin ya ci tuwo ba tare da ruwa a gefe ba, kuma abin ya riƙa dawowa in hankalinsa ya tashi, kamar ranar da gardi suka sake shigowa gari. Sai dai na koyi abin yi. In na ga hannu ya tafi wuya, ba na tambayar ina ke ciwo, sai in zauna in ce ya gaya mini me ke ransa. Ƙafafun Hajo sun sace cikin wata guda, gashinta ya dawo baƙi, amma makonnin nan sun bar mata shaida, har ta yi jikoki ba ta kai tsawon ƴan uwanta ba. Duk sanda na gan ta tsaye cikinsu sai in tuna da ƙwaryar da na mayar ta kan darni.

Da kaka ta zagayo, Maigida ya yanko zangarniya uku kamar kullum, ya kai ta tsamiya don ran Goggo ya kwanta, ya gasa biyun. Muka zauna a jere muna jira ya ci. Ya murza, ya hura, sai ya kira Hajo ya zuba mata a tafi, ya ce ta fara. Goggo ta buɗe baki, ta dube shi, ta rufe. Tun daga shekarar, a gidanmu mafi ƙanƙanta ne ke fara cin sabon gero, kuma shi har ya bar duniya bai ƙara kai tumu bakinsa ba sai ya ga kowane yaro ya haɗiye nasa.